Ƙannena masu tafiya sakandare a waje, a yi hattara da batun aiki

Da an ji yaro ya samu gurbin karatun sakandare a Amurka ko Ingila, sai ka ji ana ja masa kunne ta baibai: "Kai dai ka dace, can ko wanke-wanke ka yi sai ka tara dala." Masu faɗin haka labarin 'yan jami'a suka tsinta. Kai kuwa ba ɗan jami'a ba ne, kuma bizar da aka manna maka a fasfo ba irin tasu ba ce.

Mu ɗauki Amurka, tunda can yaranmu da dama suka je ta shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar dokokin ƙasar ta kafa a 2002. Ɗalibin musaya da bizar J-1 yake shiga, kuma doka ta hana shi kama aikin albashi, na yini ne ko na 'yan sa'o'i. Abin da ta bar masa shi ne ɗan aikin jefi-jefi, kamar renon yara ko gyaran farfajiya. Idan tsohuwar da ke maƙwabtaka da gidan da aka sauke ka ta ce ka kwashe mata dusar ƙanƙarar da ta toshe ƙofa, ta miƙo maka 'yan daloli, karɓi abinka ka yi godiya. Amma mai gidan abinci ya ce ka riƙa zuwa duk Juma'a da Asabar kana wanke kwanuka, zai biya ka hannu da hannu ba takarda, wannan aiki ne sak, ko da ɗan garinku ne yana yi maka Hausa yana kiranka ƙanena. Ranar da asiri ya tonu, shi dai yana da takardunsa. Kai ne waɗanda suka ɗauki nauyinka za su iya soke wa shiri, ka haɗa jaka a tsakiyar zango ka dawo gida kana sunkuyar da kai, tabon kuma ya bi ka duk lokacin da ka sake neman biza.

A Kanada, sa'o'i 24 na aiki a mako da ake ta yayatawa tun Nuwamban 2024 na ɗaliban manyan makarantu ne, ɗan sakandare na yau da kullum ba ya ciki. Ingila ta ɗan sassauta: wanda ya kai shekara 16 yana iya yin sa'o'i 10 a mako lokacin karatu, cikakken aiki kuma a hutu. Sai dai bizar ba ta yarda da sana'ar kai ba. Ke ƙanwata mai gwanintar kitso da lalle, wannan da ke nake, domin karɓar kuɗin kitso daga ƙawaye sana'a ce a idon hukumarsu, komai ƙanƙantarta.

Iyaye da yayye, da ku ma nake, cikin ladabi. Yaro ɗan shekara 16 yana ƙasar da bai san kowa ba, ku kira shi da daddare ku ce "a ɗan turo na cefane", ina kuke so ya samo? Kunyar ya ce babu ita ce ke kai shi ɗakin girkin nan.

Duk wanda ya yi maka tayin aiki, kada ka amsa nan take. Ka ce za ka yi shawara, sannan ka tambayi jami'in da ke kula da ɗaliban waje a makarantarku ko wakilin shirinku, ya ba ka amsa a rubuce, ka adana ta a wayarka.