Kada mu taimaki Shaiɗan a kan ƴar uwarmu

Assalamu alaikum iyayena mata da ƴan uwana na Maradi.

Namiji yakan kunna sigari a bakin kasuwa, ba mai ce masa uffan. Mace kuwa sai ta laɓe a bayan ɗaki, ta gama ta bi da turare. Wata shisha ce ƙawaye suka koya mata, wata dattijuwa ce da garin taba da kanwa a ƙarƙashin leɓe tun ranar da aka ce mata maganin ciwon haƙori ne. Da yawansu suna son bari, amma wa za su gaya wa, alhali ana ji sai a ce ƴar iska?

Buhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) wani da ya sha giya, bayan an hukunta shi wani ya ce masa Allah ya kunyata ka. Sai Manzon Allah ya ce: "Kada ku faɗi haka, kada ku taimaki Shaiɗan a kansa." Giya fa kenan. To ina ga wadda nikotin, sinadarin da ke cikin taba, ya kama?

Sinadarin nan cikin daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa, jiki ya saba, ya riƙa nema. Shi ya sa in ta daina sai ciwon kai, faɗa ba dalili, barci ya ƙaurace. Abin ya fi tsanani a makon farko, yakan lafa cikin mako 2 zuwa 4. Kwaɗayin kansa mintoci kaɗan yake yi ya wuce: ki sha ruwa, ki yi alwala, ki sa asuwaki, ki fita tsakar gida cikin mutane.

Ƴar uwa, Allah ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka (Baƙara, aya ta 195). In kina da juna biyu, hayaƙin na iya sa haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi, wanda kike goyo ma shaƙa yake yi. Ke da kike kai azumi daga asuba zuwa magariba ba ki taɓa ba, kin riga kin san za ki iya.

Ki sa rana, ki zubar da sauran, ki gaya wa mutum ɗaya mai riƙe sirri. In kin koma, ki sake tuba ki sake sa rana. Mafi yawan waɗanda suka bari sai da suka gwada ba sau ɗaya ba. Ranar awo a likita ki faɗa wa ungozoma gaskiya, kuma kada ki sha wani maganin barin taba da ciki sai da izininta.