Goge wutar injin ba gyara ba ne, ku ji tsoron Allah

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo garejojinmu tun da na'urar duba mota ta yi araha, kuma wallahi ta kai ni maƙura. Wutar gargaɗi ta kama a dashbod, waccan mai ruwan ɗorawa da siffar injin. Ka kai mota gareji. Bakanike ya ɗauko 'yar na'urarsa, ya durƙusa ya soka ta a ƙarƙashin sitiyari, ya latsa nan ya latsa can, wuta ta mutu. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce, "Shi ke nan, Alhaji, na goge maka." Ka biya kuɗin sikanin ka kama hanya. Ko noti ɗaya bai kwance ba, bai kuma gaya maka abin da motar ta ce yana damunta ba. Fisabilillahi wannan ne gyara? Daidai yake da ka kai mara lafiya asibiti, a yaga katinsa, a ce maka ya warke.

Ni mutumin ƙasar Gumel ne, da motar nan nake ciyar da gidana. Ranar Alhamis ina kasuwar Maigatari, sauran ranaku duk inda Allah ya kawo fasinja. Wata ƙungiya mai aikin lafiya a karkara ta nemi motocin haya na wata-wata, irin aikin da direban ƙauye yake mafarkinsa, sharaɗinsu kuwa shi ne takardar gwajin lafiyar mota da na hayaƙi. Wutar tana kunne a lokacin, don haka na biya wajen bakanike kafin in shiga birni. Ya goge, ya ƙara da cire kan batir, wai don kwamfutar ta huta. A wurin gwajin, bayan na biya kuɗi na bi layi cikin rana, yaron da ke riƙe da na'ura ya jona ta, ya dube ni ya ce, "Baba, ba zan iya fitar maka da sakamako ba, motarka ba ta shirya ba. An goge mata kwanan nan ko?" Ya juyo mini da fuskar na'urar. Layuka ne a jere, uku na sama da alamar kore, duk na ƙasa ja.

Abin da bakaniken bai gaya mini ba, kuma haƙƙina ne in sani, shi ne wannan. Wancan soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari ba don jin daɗin masu gareji aka sa shi ba. Tsari ne da ake kira OBD-II, wanda Amurka ta wajabta wa duk motar da ake sayarwa a can tun daga ƙirar 1996, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001, kuma saboda hayaƙi aka ƙirƙiro shi tun asali. Yawancin 'yan Kwatano da muke hawa daga waɗannan ƙasashen suka fito. Kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana yi wa motar jarrabawa da kanta tana ajiye sakamako. Uku daga cikin gwaje-gwajen kullum suna gudana matuƙar injin na aiki: ko wani fulogi yana tsallake wuta, ko mai da iska sun daidaita, ko wayoyi da sensoci suna amsawa. Sauran kuwa, na indomin salansa (abin da ke tace hayaƙi a cikin tulun salansa), na sensar iska, na tururin fetur da ke tanki, na bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin injin, sai an cika musu sharuɗɗa suke yi. Ranar da aka goge, ko aka cire kan batir, duk wannan sakamakon ya tafi. Motar ta koma ba ta da shaidar komai, mai kyau ko mara kyau.

Waɗanda suka ƙera abin sun san mutane za su riƙa gogewa a bakin ƙofar wurin gwaji, shi ya sa suka toshe hanyar. A ƙa'idar Amurka, motar 1996 zuwa 2000 ana iya yafe mata gwaji biyu da ba su kammala ba, ta 2001 zuwa sama ɗaya kacal. Daga ƙirar 2010 ma akwai lambar matsala da na'ura ba ta iya gogewa sam, sai motar da kanta ta tabbatar an gyara. Dabarar da aka rufe wa ƙofa tun tuni a can, ita ce ake sayar mana a nan da sunan ƙwarewa.

To yanzu zo ka ji abin da ake bukata kafin jajayen layukan nan su koma kore, ka gaya mini ko wanda ya latsa madannin ya taɓa tunanin inda muke zaune.

Sai motar ta kwana ta huce sarai, a tayar da ita da sanyinta, a bar ta a tsaye ta yi silo na 'yan mintoci. Sai a sami titi mai kyau a riƙe ta a wajen kilomita 90 a awa, ƙafa a tsaye kan totur, babu ƙari babu ragi, na kamar minti goma ko fiye. Sai a ɗage ƙafa a bar ta ta sauko da kanta ba tare da taka birki ba. Sai kuma tafiyar cikin gari, a tsaya a tashi. Kowane kamfani da ɗan bambancin tsarinsa, kuma sau da yawa zagaye ɗaya ba ya isa. A ina zan sami minti goma ba birki? Daga ƙauyenmu zuwa kwalta burji ne, damina ta cinye rabinsa. Ka hau kwaltar, ga rami, ga garken shanu na tsallakawa, ga amalanke, ga tudun rage gudu a bakin kowane gari, ga shingen bincike. Da ka taka birki a tsakiyar gwajin, kwamfutar ta watsar, sai an sake daga farko. Dole ka nemi babban titi irin na Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin, kuma ba da fasinja ba, domin fasinja a kowane ƙauye yake cewa a tsaya.

Gwajin tururin tanki shi ya fi cin rai. A yawancin motoci ba ya tashi sai man da ke tanki yana tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, wane direban haya ne a karkarar Jigawa yake kwana da rabin tanki? Mu da muke sayen galan ɗaya wurin 'yan bumburutu, mu yi lodi, mu sake saye da kuɗin fasinja! Sannan motoci da yawa ba sa yin wannan gwajin idan zafin iska ya haura wajen digiri 35, alhali a bazara Gumel da Haɗeja suna wuce 40 ba tare da wani ya yi mamaki ba. Ke nan da asuba za ka fita, ka ƙona man da ka ranto, mota ba kowa, kana zagaye don ka maido da abin da wani ya share cikin ƙiftawar ido kuma ya karɓi lada a kai.

Na yi duk wannan. Layuka suka fara komawa kore, sai wutar ta dawo, domin matsalar tana nan inda take. Lambar da ta fito P0420, ma'anarta indomi ba ya aiki yadda ya kamata. Akwai sensa ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa. Idan abin da ya shiga da abin da ya fita suka zama iri ɗaya, kwamfutar ta gane babu abin da ake tacewa. Wani dattijon bakanike ya sa aka hau da motar kan rami, muka shiga ƙarƙashi da tocila. Ga tabon walda nan zagaye da cikin tulun salansar, tsohon tabo, har ya yi tsatsa. Ya ƙwanƙwasa da sifana, ƙarar fanko ta amsa. "Ɗana," in ji shi, "an kwashe na ciki tun kafin ta zo hannunka." Cikin indomi akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake farke shi a sayar, a liƙe fatar, a goge wuta, a kai mota kasuwa tana ƙyalli. Wanda ya sayar mini ya goge, wanda na kai wa gyara ya goge, ni kaɗai aka bari da biya. Allah ya isa.

Kuma kada wani ya ce mini ai hayaƙi ne kawai. Aikin indomi shi ne ya juya iskar guba da ɗanyen man da bai ƙone ba kafin su fito waje. Je ka tasha ranar kasuwa ka ga su waye a bakin salansa: yara 'yan talla da farantin gyaɗa, mai awara a zaune ƙasa da kaskonta, almajirai, tsofaffi masu jiran mota ta cika. Su suke shaƙa. Dokar hayaƙin motoci ta ƙasa tana nan tun 2011, kuma ba ni da ja da ita, 'ya'yana ma a tashar nan suke wucewa. Abin da nake ja da shi shi ne a bar mai mota cikin duhu, kowa yana yagar rabonsa. Wurin gwajin nan ma da sun jona na'urar a bakin ƙofa kafin su karɓi kuɗi, minti ɗaya ya isa su ce wa mutum koma ka dawo. Ko takarda ba su manna a bango ba.

Ban ce duk kanikawa haka suke ba, dattijon nan shaida ne. Gogewa ma tana da wurinta: bayan an yi gyara na gaskiya, a goge, a gaya wa mai mota cewa sai ya yi tafiya kafin ya je gwaji. Amma gogewa a maimakon gyara tana kashe mota. Wutar da ta kama saboda fulogi na tsallake, lamba P0300 da 'yan'uwanta, idan aka yi ta share ta, ɗanyen mai ne yake gangarawa salansa ya narkar da indomin mai lafiya. Gyaran fulogi ya koma sayen indomi. Wani lokacin kuma murfin tanki ne kawai bai rufu ba, abin da ba ya bukatar ko sisi, amma ba za a faɗa maka ba don gobe ka dawo a sake sikanin.

Da na koma wa wanda ya goge mini, ko kunya babu, cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai kowa haka yake yi." Aikin ƙungiyar kuwa an ba wani tun ina kan titi ina zagaye.

Abin da nake nema a wurin masu na'ura ba shi da yawa. Kafin ka taɓa madannin gogewa, ka rubuta wa mutum lambar a takarda, ka gaya masa ma'anarta da Hausa, ka tambaye shi ko yana da gwaji a gabansa. Shugabannin ƙungiyoyin kanikawa a garuruwanmu su sa wannan cikin abin da ake koya wa yaran gareji. 'Yan'uwana direbobi kuma, duk wanda zai sayi mota, kada ya tsaya kan cewa dashbod babu wuta. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya tabbata wutar injin ta kama sannan ta mutu bayan an tayar, domin akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya. Sannan ya sa a buɗe masa shafin gwaje-gwajen nan a na'ura. In ya ga jajaye a jere, goge ta aka yi kwanan nan, ya riƙe kuɗinsa har sai an leƙa ƙarƙashinta.