"An Sabunta Fakiti 47": Wannan Ma Sanarwa Ce?

Ɗan kasuwar Adum ko Kejetia a Kumasi da ya biya kuɗin sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinsa na intanet, na shekara guda ba don ya zama injiniya ya biya ba. So yake shafinsa ya tsaya da ƙafarsa, odar kaya ta shigo, kuɗin MoMo su faɗo. Amma masu ba mu hayar sabar a garin nan, da masu haɗa allon da ake sarrafa ta, sun mayar da sanarwar sabunta manhaja abin wasa. Ka buɗe allo da safe, ka tarar da ɗan layi ɗaya tak: an sabunta fakiti 47, wato ƙunshin manhajoji 47. Waɗanne? Daga wace siga zuwa wace? Oho. Ranar da suka ji tausayinka su ƙara da "an gyara kurakurai, an inganta aiki". Ka kai mota Suame Magazine, makanike ya ce maka "na ɗan taɓa ta" ya miƙo makulli, za ka karɓa ka tafi?

Abin haushin, bayanin yana nan kwance. A sabar da ke kan Ubuntu ko Debian, nau'o'in tsarin Linux da ke tafiyar da na'ura, fayil ɗin /var/log/apt/history.log na ɗauke da sunan kowane fakiti, tsohuwar sigarsa da sabuwa, da lokacin da aka taɓa shi. A dangin Red Hat kuwa dnf history ke nuna haka. Kwafe wannan a tura wa mai shafi bai kai aikin minti biyar ba. Lalaci ne kawai da raini.

Ɗauki PHP, yaren da aka rubuta shafuka da yawa da shi. Tun Nuwamban 2022 aka daina toshe ɓarakar tsaro a siga ta 7.4, don haka ɗaga mutane zuwa ta 8 daidai ne, ba mai musu. Sai dai siga ta 8.0 ta cire umarnin each() da create_function() gaba ɗaya, kuma tsofaffin ƙare-ƙaren WordPress, manhajar gina shafi, da yawa a kansu suka jingina. Ana sauyawa cikin dare, gari na wayewa shafi ya zama fari fat, ko ya tsaya a kan kuskure mai lamba 500. To wa Alhaji zai kira? Ba kamfanin ba. Yaron Aboabo ko Asawase da ya gina masa shafin shekara uku da suka wuce, shi zai sha faɗa tun kafin ya karya kumallo, a ce ya yi aikin algus. Alhali jimla biyu sun isa: ranar kaza za mu ɗaga PHP daga 7.4 zuwa 8, ku bincika waɗannan kalmomi biyu a fayilolinku, ga wurin gwaji kafin ranar.

Wannan ma da sauƙi, tunda ana ganinsa da ido. Mugun shi ne wanda ke lalacewa shiru. Daga siga ta 8.8 ta OpenSSH, manhajar shiga sabar daga nesa, wadda ta fito a 2021, an daina karɓar tsohon sa hannun ssh-rsa mai amfani da SHA-1 sai in an buɗe shi da gangan, kuma Ubuntu 22.04 da siga ta gaba da wannan ta zo. Tsohuwar kwamfutar ofis da ke shiga sabar kowane dare ta kwashe kwafin ajiya, sai a rufe mata ƙofa. Shafi na aiki lafiya lau, ba wanda ya ji komai. Sai bayan wata huɗu, ranar da rumbun bayanai ya lalace, a je neman kwafin jiya a tarar da na ƙarshe tun kafin azumi ne. Innalillahi! Layi ɗaya da zai ce a yi sabon mabuɗi da ssh-keygen -t ed25519, ko a sabunta tsohuwar na'urar, shi ne aka kasa rubutawa.

Sai koren tambarin nan mai ruɗi da ke cewa komai lafiya. In an sabunta ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin da sabar ke aiki a kai, gyaran ba ya kama aiki sai an kashe sabar an kunna. Ubuntu da kanta tana ajiye shaida a /var/run/reboot-required, amma allon bai ce uffan ba, sabar ta yi wata shida a kan tsohuwar ƙwaya mai ɓaraka, mai ita na barci da munshari. Haka CentOS 7, 'yar dangin Red Hat, wadda wa'adinta ya ƙare ranar 30 ga Yunin 2024. Na'urar da ke kanta har yau za ta iya nuna maka babu sabon fakiti, kai kuma ka ɗauka lafiya ce, alhali ba za a sake aiko mata da komai ba ne har abada. Me zai hana a rubuta haka da jan rubutu?

Batun lokaci kuwa, nan ne abin ya fi ciwo. Ghana a kan GMT take duk shekara, ba ma matsar da agogo. Dillalin da ya ɗauki hayar na'ura a Amurka zai kwafo sanarwar can ya ce "za a yi aiki cikin dare, ƙarfe 2". Ƙarfe 2 na wa? Ƙarfe 2 na New York ƙarfe 6 na safe ne a Kumasi daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni kuma ƙarfe 7. Wato daidai lokacin da mutane suka dawo daga Asuba, 'yan kasuwa suka fara duba odar da ta kwana. Ita ma sabuntawar da Ubuntu ke yi da kanta an saita ta ne ƙarfe 6 na safe agogon sabar, da jinkirin da zai iya kai awa guda. In agogon na kan UTC, wanda daidai yake da GMT, to a kan safiyarmu take faɗowa.

Kuma ina sanarwar take zuwa? Akwatin saƙon root, babban asusun da ke cikin sabar, wanda ba a taɓa buɗewa ba tun ranar da aka kafa ta. Layin imel na unattended-upgrades, manhajar da ke sabuntawa da kanta, shi ma a kashe yake zuwa, sai an sa masa adireshi da hannu. Amma bari kuɗin haya ya kusa ƙarewa. Saƙon WhatsApp, saƙon tes, kiran waya, har da tunatarwa sau uku da adadin sidi da fesuwa ba kuskure. Ashe sun san lambarmu!

Ba mu ce a daina sabuntawa ba, ɓarayin intanet ba sa hutu. Gyaran tsaro na gaggawa a saka shi nan take, a faɗa mana a ranar. Amma duk abin da zai sauya babbar siga ta PHP, MySQL mai riƙe rumbun bayanai, ko OpenSSH, a ba mu kwana bakwai, a rubuta sa'a da agogon Ghana, a faɗi minti nawa shafi zai ɗauke, a ɗauki hoton sabar gaba ɗaya kafin a taɓa ta, a kuma nuna yadda za a koma baya in ta ƙi. Wanda bai shirya ba a bar shi ya riƙe fakitinsa da apt-mark hold na mako biyu. Kuma a turo shi ta wannan lambar WhatsApp ɗin da ake turo takardar biyan kuɗi.