Kashi 35 na mata ba ya cikin kundin tsarin mulki

A tarukan siyasa a Abuja za ka ji ana cewa kundin tsarin mulki ya ware wa mata kashi 35 na kujeru. Ba haka ba ne. Adadin yana cikin manufar gwamnatin tarayya kan daidaiton jinsi ta 2006, manufa kuwa ba doka ba ce.

Da aka kai ƙudurori biyar na gyaran kundin tsarin mulki da suka shafi mata majalisar dokokin tarayya a Maris 2022, fatali aka yi da su, har mata suka yi zaman dirshan a ƙofar majalisar. Hukuncin Babbar Kotun Tarayya na Afrilun 2022 kuma, wanda ya umarci gwamnati ta ba mata kashi 35 ɗin, kan naɗe-naɗe ne, bai taɓa akwatin zaɓe ba. Cikin sanatoci 109 da aka rantsar a Yunin 2023, mata uku ne kacal, har da Ireti Kingibe ta Abuja.