Ɗakin da ƙanena yake zuwa duk ranar Laraba

A makon jiya ƙanena ya cika wata goma sha huɗu bai sa giya a bakinsa ba, kuma da izininsa nake wannan rubutu, ko da yake ba zan ambaci sunansa ba. Mu nan Garwa kowa ya san gidajen da ake dafa bilbil, kowa ya san shagunan da ke sayar da wiskin leda na sefa ɗari, wanda gwamnati ta hana tun 2014 amma aka yi ta ɗaga wa'adi, har yau ledojinsa na cike da kwatoci. Abin da bakinmu ya yi nauyin faɗa shi ne, cikin masu saye akwai 'ya'yan gidajenmu, waɗanda muke haɗa sahu da su ranar Juma'a.

Babu abin da ba mu gwada ba. An yi zagi, an yi duka, an sha rubutu, Baba ya sa shi ya rantse da Alƙur'ani har sau biyu. Ranar da ya daina da kansa farat ɗaya, kwana na uku hannunsa ya kama karkarwa, zufa ta jiƙe masa riga, yana nuna bango yana cewa, "Yaya, ka kore su, ga su nan suna hawowa." Inna ta ce iska ce. A asibiti likita ya bayyana mana cewa jikin da ya daɗe da sabawa da giya yakan yi bore idan aka yanke masa ita lokaci guda, har mutum ya faɗi kamar mai farfaɗiya, kuma hakan na iya kisa. Don haka wanda shansa ya yi nisa ya fara ta hannun likita. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ƙanena gefe ranar sallama ta faɗa masa inda wasu irinsa suke haɗuwa.

Na raka shi zuwan farko, domin zaman ranar na kowa da kowa ne. Ɗaki ne da aka ba su aro a harabar coci, da benci huɗu da butar shayi. Ana magana da Faransanci da Fulatanci da Hausa, kowa da wanda ya fi masa sauƙi, kuma ba a tambayar sunan mahaifi ko unguwa. Mai magana ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi. Wani dattijo ya ba da labarin yadda ya sayar da keken ɗinkin matarsa ya shanye kuɗin, sai na ga ƙanena ya ɗago kai a karon farko, domin shi ma babur ɗin hayarsa ya bi wannan hanya. Da aka tashi dattijon ya ba shi lambar waya ya ce, "Ɗana, idan ƙishin ya taso ka kira ni kafin ka sha, ko da tsakar dare ne."

Wannan tsari ya samo asali ne a 1935 a garin Akron na Amurka, inda mashaya biyu, Bill Wilson da Dokta Bob Smith, suka gano cewa hirar da suke yi da juna tana hana su sha. Daga nan aka sami ƙungiyar da masu Faransanci ke kira Alcooliques anonymes, wadda sharaɗin shigarta ɗaya ne, son daina sha, kuma babu kuɗin rajista. Akwai kuma Croix-Bleue, ƙungiyar taimakon mashaya wadda wani fasto ya kafa a Janeba a 1877, tana aiki har a Cadi.

A nan ne mutanenmu suke ja da baya, su ce yaya ɗan Musulmi zai zauna a harabar coci ya tona asirin kansa. Na fahimci damuwar, amma ina da tambaya: wane ɗaki muka tanada masa a namu ɓangaren? A cikin Sahihul Bukhari an kawo mutumin da aka sha kamawa da shan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Shi kansa haramcin giya a hankali ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Ban ga wanda aka nemi ya bar addininsa a wannan ɗaki ba, ƙanena ma a nan ya koma sallar asuba a kan lokaci.

Mai nema ya tambayi likita ko ma'aikatan jinya, ko cibiyar jin daɗin jama'a, ko limami ko fasto da ya amince da shi. Akwai kuma zaman da ake yi ta intanet da Faransanci ga wanda yake tsoron idon sani. Ya guji duk inda aka nemi maƙudan kuɗi ko ake ɗaure mutum da mari, kuma kada ya yanke hukunci da zuwa ɗaya.

A wata na biyar na yunƙurinsa na farko ƙanena ya koma sha bayan wani biki, ya yi mako biyu yana ɓuya. Dattijon nan ne ya zo har ƙofar gida a kan kekensa, ya yi sallama da Baba, ya ce an ajiye masa wurinsa a benci. Daga wannan Laraba muka sake soma ƙirga.