Wai sai an ga alat kafin a taɓa jita

Jama'a yau raina a ɓace yake kuma sai na amayar da abin da ke cikina ko da ba mai karantawa. Ni da na yi shekara da shekaru ina kaɗa jita a garin nan na Jos, gidan biki, situdiyo, taron makaranta, ba inda ban ja waya ba, wai yaron da ban tabbata an haife shi ba lokacin da kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 shi ne zai tsaya ya yi min wulaƙanci a gaban mutane saboda jita.

Tsirkiya kawai na shiga saya a wani shagon kayan kiɗa a cikin gari, jitata na rataye a bayana. Sai na hango sabuwar jitar kamfanin Fender a bango, Player II ɗin nan da suka fitar a 2024 da muke ta kallo a YouTube har data ta ƙare. Na ce ƙanena sannu da aiki, don Allah sauko min da waccan in ji muryarta. Shiru, yana danna waya. Na sake magana. Ya ɗago a hankali ya dube ni tun daga hula har silifas, ya daɗe a kan silifas ɗin, sannan ya ce "saya za ka yi?" Ba malam, ba baba, ba yallaɓai. Na ce ai sai na ji ta tukuna, wa ke sayen jita bai kaɗa ba? Ya ce oga ya ce ba a saukowa da ita sai an ga alat. Alat! Wato in tura kuɗi sannan a ba ni izinin sanin ko wuyanta a miƙe yake. Na haɗiye na ce to nawa ce. Ya ce bari ya duba dala. Ya duba, ya latsa kalkuleta, ya juyo min da fuskar wayar, ko wahalar buɗe baki bai yi ba. Miliyan ɗaya da 'yan kai masu kauri. Ya ƙara da cewa wannan farashin yanzu ne, in na fita na dawo ba ruwansa.

Da a nan ya tsaya da na tafi abina. Sai ya nuna bayana da leɓe ya ce waccan fa wane kamfani ne. Na zuge jaka na fito da ita na ce haɗin gida ce, wani dattijo ne ya yi min a nan Jos. Wallahi sai yaron nan ya kwashe da dariya har da dukan kanta, ya ƙwala wa abokinsa kira, "zo ka ga jitar kafinta! Baba wannan da ragowar katakon gado aka yi ta ko?" Yanzu ne na zama baba, da za a yi min ba'a. Wasu 'yan mata biyu da suka zo sayen makirfo suka rufe baki suna ƙyaƙyatawa. Na miƙa masa na ce riƙe, jona ta a amfilifayarku ka kaɗa, in ka ji wani abu ba daidai ba na bar maka ita. Ya ce ai shi ba ya kiɗa. Ba ya kiɗa jama'a. Babban masanin jita na jihar Filato, alƙalin katako, wanda ya san mai kyau da marar kyau daga nesa, ko kod ɗaya, wato danna tsirkiyoyi tare su ba da sauti, bai iya riƙewa ba. Abin da ya iya karantawa kawai sunan da aka manna a kai.

To bari mu yi lissafin da shi bai iya ba. Jitar nan kusan dala 800 aka sa mata a Amurka da ta fito. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala na wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haye 1,500, kun ga tun kafin ta hau jirgi ta kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ba kuɗin dako, ba kwastan, ba harajin kashi 7.5, ba ribar na Legas, ba ribar oga mai alat. Mafi ƙarancin albashi dubu 70. Mutum ya yi wata goma sha bakwai bai ci ba bai sha ba bai biya haya ba kafin ya kai farashin can, ban da na nan. Kuma ba a Amurka ake ƙera ta ba, a Ensenada ne ƙasar Meziko. Ƙanwarta Squier daga Indonesiya da Chana take fitowa, Epiphone ta gidan Gibson ma yawanci Chana. Ban ce ba su da kyau ba, inji ne ke yanka su, firet, wato ƙarafunan da ke jere a wuyan jita, na zama daidai inda ya kamata, kuma ranar da ka matsu za ka samu mai saya don sunan kawai, wannan kam gaskiya ce. Amma sabon fitowar da ake ta yi wa shela duk shekara mene ne a ciki? Siffar Stratocaster, fitaccen samfurin Fender, tun 1954 take, a sauya fenti, a ɗan goge gefen wuya, a ƙara lamba a bayan suna, mu kuma a nan mu riƙa haɗiyar yawu.

Kuma ba wanda zai gaya maka abin da hunturun Jos ke yi wa katakon da ba a nan ya bushe ba. Masu ƙera jita suna cewa a ajiye ta inda laimar iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55, mu kuwa a Janairu leɓenka ma tsagewa yake. Katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafunan firet su leƙo ta gefe suna yankar tafin hannu, in jita mai rami ce ka wayi gari gadar da ke riƙe tsirkiya ta ɗaga ko fuskar ta tsage. Ya taɓa faruwa da wata mai babban suna da na tara kuɗi na saya, na koma da rasit aka ce garanti ba ya aiki a Najeriya, in ina so in aika da ita waje da kuɗina.

Tawa da ake wa dariya fa? Maɗaci ne, dattijon da kansa ya zaɓo a kasuwar Katako ya jingine a zaurensa hunturu ya bi ta kansa ba sau ɗaya ba kafin ya sa masa zarto. Ya kama hannuna ya duba tsawon yatsuna kafin ya fere wuyan. Fentinta ba ya ƙyalli, akwai inda za ka ga sawun burushi, kuma firet biyu na can ƙasa sai da na mayar masa ya sake zaunar da su, ya yi ina zaune ina shan shayi bai karɓi ko sisi ba. Abin da na biya gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yaron nan ya nuna min a waya ba, kuma rabinsa ma a fikof mai ɗaukar sautin tsirkiya da maƙullan ɗaure tsirkiya da wayar firet ya tafi, don su sai an yo oda daga kasuwar Alaba ta Legas kuma su ma dala suke bi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne katakon da suke taƙama da shi namu ne. Wanda suke kira mahogani na Afirka dangin maɗaci ne. Sapele da manyan kamfanoni ke yin bayan jita da gefenta da shi, sunan gari ne a jihar Delta. Kamfanin Taylor tun 2011 ya sa hannun jari a masana'antar yankan baƙin katako a Yawunde ta Kamaru nan maƙwabta. Madobiya kuwa tirela tirela aka riƙa kwashe ta daga dazukan Taraba zuwa Chana har sai da hukumar CITES mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018, a lokacin an riga an aske dajin. Gungume ya fita a araha, ya dawo da kwali da tambari, ɗan ƙasa ya zo taɓawa a ce sai an ga alat.

Gwamnati kuma kullum a bakin makirfo, ku sayi kayan gida, ku daraja na gida, Najeriya farko. Wane gida? Dattijon nan wuta ba ta kai masa awa nawa a rana, injin gogewarsa sai janareta, man janareta kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda ake ciki. Ba rance, ba wurin koyar da sana'ar, ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi me yake buƙata, amma masu rasit ɗin haraji sun san ƙofarsa sarai, wannan ya tafi wancan ya zo. Mu ma talakawan ba mu da gaskiya. Mai biki zai leƙa kan jitarka kafin ya yanka maka kuɗi, kwamitin sayen kayan kiɗa zai gwammace jabu mai tambarin Turai a kan ta gaske marar tambari, mai situdiyo zai ce ka ɓoye ta in za a ɗauki bidiyo. A garin Ɗan Maraya fa, mutumin da ya zaga duniya da kuntigin gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya har ya koma ga Allah a 2015. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau Turawa layi suke su kalle shi, da a shagon nan ya fara shiga da an kira aboki a zo a ga jitar bakanike.

'Ya'yan dattijon duk sun ƙi sana'ar, babban yana jan keke napep a hanyar Bukuru, kuma ban ga laifinsa ba, shi aƙalla kullum yana komawa gida da na cefane. Yaro ɗaya da ya fara koyo ya gudu ya koma sayar da cajar waya. Idon tsohon ya fara rauni, in ya ajiye zarto shikenan, sannan ne za ku ga kwamishina ya zo da 'yan jarida ana neman wanda zai farfaɗo da sana'o'in hannu, a kafa kwamiti, a ware kuɗi, a sayo wa kwamitin motoci daga waje.