Feda ya kamata yaron nan ya saya, ba sitiyari ba

Shawarar da kuka ba yaron nan kan kayan koyon tuƙin jirgin sama a kwamfuta ba daidai ba ce, kuma ba zan yi shiru ba don kawai waɗanda suka ba da ita sun girme ni a harkar. Yaro ya zo da ladabinsa, ya ce kuɗin da ya tara na abu ɗaya ne tak, yana da tsohuwar sandar tuƙi mai aiki lafiya lau, me zai ƙara? Kuka taru kuka ce sitiyarin jirgi. Ya saya, ya kuma rabu da sandar don ya cike kuɗin. Ga shi yanzu duk mun ga saukarsa: Cessna, ƙaramin jirgin da ya tuƙa a kwamfutar, ta taɓa ƙasa, ta yi hagu, ta shige ciyawa. Sai kuma na ji wani yana ce masa wai sitiyarin ne ƙarami, ya nemi babba. Haba jama'a! An bar jaki ana dukan taiki. Ba hannunsa ne ya kai shi ciyawa ba, ƙafarsa ce ba ta da abin takawa.

Abin da ya fi ci mini rai, tsohuwar sandar da kuka sa ya rabu da ita tana murɗawa hagu da dama, wato ko ba komai tana ba shi ɗan iko da wutsiyar jirgi. Yawancin sitiyarin da ake ɗaurawa a tebur ba su da wannan. Kun ga ke nan kun sa shi ya kashe kuɗi ya koma baya. Da yana da hanya uku na sarrafa jirgi, yanzu biyu gare shi, ta ukun ta koma kan maɓallan kibod, inda dannawa ɗaya sai wutsiya ta tafi can ƙarshe.

Feda ya kamata ya saya, wato matakan ƙafa biyu da ke juya wutsiyar jirgi. Na faɗa tun ranar, ina kuma maimaitawa: duk wanda ke da sanda ko wace iri, abu na gaba feda ne. Ba sitiyari ba, ba babban totur mai hannu shida ba, ba allon maɓallai masu fitilu ba. Feda.

Ku da kuke cewa Cessna 172 kuke koyo da ita, ku gaya mini, da me ake juya ta a ƙasa? Tayar gaba da feda take haɗe. Ka murɗa sitiyari har hannunka ya gaji, jirgin ba zai bi kwana ba, sai dai ƙananan ƙyamaren fukafukai su yi ta hawa da sauka a banza. Birki ma a ƙafa yake, a saman kowace feda, na hagu daban na dama daban, shi ya sa matuƙi ke iya danne taya ɗaya ya juya jirgi a ƙuntataccen wuri. Tun kafin jirgi ya bar ƙasa aikin ƙafa ya fara. Sannan ka zo bakin titi, ka tura totur gaba ɗaya. Me ke faruwa? Hanci ya nufi hagu. Sababbi da yawa nan suke zaton na'urarsu ta lalace, su koma suna ta gyara saiti. Babu abin da ya lalace. Farfela tana juyawa ta dama idan ka kalle ta daga kujerar matuƙi, iskar da take turawa baya kuma ba a miƙe take tafiya ba, nannaɗe jikin jirgin take yi har ta je ta bugi wutsiya ta gefen hagu, sai hanci ya karkata hagu. Inji yana murɗa farfela dama, shi jirgin yana son mirginawa hagu. Idan ka ɗaga hanci don tashi, reshen farfela da ke saukowa ta dama ya fi na hagu cizon iska, wannan ma hagu yake ja. Duk sun haɗu a kan gefe ɗaya, maganinsu kuma ɗaya ne, ƙafar dama. Babu abin da malaman tuƙi suka fi nanata wa ɗalibi a farkon koyo kamar ya ƙara taka dama. To wanda ba shi da feda, da me zai taka?

A sama ma haka. Ka karkata jirgi zuwa dama, fiffiken hagu da ya ɗaga ya fi samun turjiyar iska, sai hanci ya fara leƙa hagu kafin ya bi ka. Ɗan ƙwallon nan da ke cikin bututun gilashi a gaban matuƙi, wanda da yawanku ba sa ko kallonsa, shi ke gaya maka gaskiya. Ya gudu dama, ka taka dama. Ya gudu hagu, ka taka hagu. Wannan matsala ba sabuwa ba ce. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun sha wuyarta a jirginsu mara inji, sai da suka mayar da wutsiyar tsaye mai motsi a 1902 sannan jirgin ya yarda ya bi kwana yadda suke so, shekara guda kafin tashinsu da inji a 1903. Abin da aka gano tun wancan lokaci shi ne kuke gaya wa yaro wai na baya ne, ya bari sai ya samu sarari.

Na san amsar da za a ba ni, an ma riga an ba ni. Wai ai sanda mai murɗawa ta wadatar. Ta fi babu, na yarda, shi ya sa ma nake jin haushin raba shi da tasa. Amma wadatarwa? A'a. Ku dubi sauka cikin iskar gefe. Iska na zuwa ta hagu, ka taho hanci a karkace yana fuskantar iskar, ido yana kan farin layin tsakiyar titi. Daf da taɓa ƙasa sai ka taka dama don hanci ya miƙe da titi, a daidai lokacin hannu ya kwantar da fiffiken hagu don kada iska ta kwashe ka, kana kuma jan hanci sama a hankali. Hannu na hagu, ƙafa na dama, tayar hagu ta fara taɓawa. Abu uku ne a cikin daƙiƙa kaɗan. Idan duka ukun a wuyan hannu ɗaya suke, murɗawa sai ta ja karkata, karkata ta ja ɗaga hanci, ka rasa wanne ka yi da niyya wanne ya zo da kansa. Iskar gefe da aka gwada Cessna 172 da ita not 15 ce, kusan kilomita 28 a awa. Ku saita rabin haka kawai ku sauka da murɗa hannu sau goma, sannan ku zo mu yi magana.

Wani kuma ya ce ai akwai saitin da manhaja ke taka maka wutsiya da kanta. Akwai. A Microsoft Flight Simulator akwai shi, X-Plane ma yana taimaka wa wanda bai haɗa feda ba. An sa shi ne don wanda ba shi da hali ya samu ya tashi, kuma ba na raina kowa a kan haka. Amma yaron nan bai ce yawon kallon gari yake so ba. Cewa ya yi yana son ya koyi tuƙi, wata rana ya shiga makaranta. Wanda ya saba kwamfuta na taka masa, ranar da ya zauna a jirgin gaske ƙafafunsa a mace za su zauna, kuma cire mugun sabo ya fi koyon sabon abu wuya.

Sai masu manyan jirage, masu cewa su Airbus da Boeing suke tuƙawa, ba ruwansu da ƙafa. Gaskiya ne a sama jirgin kan daidaita wutsiyarsa da kansa. Amma gudun tashi a kan titi fa? Iskar gefe fa? Ranar da inji ɗaya ya mutu ana tsakiyar tashi, ɗayan yana tura jirgi gefe da dukkan ƙarfinsa, me ke riƙe hanci? Ƙafa. Yawan takawa ma haɗari ne: jirgin Airbus A300 da ya faɗi a birnin New York a Nuwamban 2001, binciken hukuma ya nuna taka feda da ƙarfi hagu da dama ne ya sa wutsiyar ta ɓalle. Ƙafa aba ce da ake horarwa, ta san lokacin takawa, ta san gwargwado. Ba a koyon gwargwado a kan maɓalli.

Hujjar da kuka fi riƙewa ita ce wai Cessna sitiyari gare ta, don haka sitiyari ne gaskiya. To Piper Cub fa? Sanda ce. Diamond DA40 da makarantun tuƙi da yawa ke koyarwa da ita, sanda ce a tsakiyar ƙafafu. Jirage marasa inji, sanda. Jiragen yaƙi, sanda. Jirgi mai saukar ungulu, sanda. Airbus A320 tun da ta fara ɗaukar fasinja a 1988 ƙaramar sanda ce a gefen matuƙi. Abin hannu yana canzawa daga jirgi zuwa jirgi. Abin ƙafa yana nan a kusan dukkansu. Idan gaskiya kuke nema, ga inda take. Da sanda za ka tuƙa Cessna ba tare da ka rasa komai na darasi ba. Da sitiyari kuwa, je ka gwada tsayar da jirgi mai saukar ungulu wuri ɗaya a iska, ko ka gwada DCS, manhajar tuƙa jiragen yaƙi, ka dawo ka ba mu labari. Ina ganin abin da ke jan mutane shi ne sitiyari yana da kyau a hoto, yana cika tebur, baƙo ya shigo ya san nan ɗakin matuƙi ne. Feda kuwa a ƙarƙashin tebur take, ba mai ganinta. Amma ai ba don baƙo muke wannan abu ba.

Ƙanena, da kai nake yanzu. Kada ka ji kunya, kada kuma ka sayi babban sitiyarin da ake zuga ka. Wanda ke hannunka ya ishe ka. Tara ka sayi feda, ko mafi araha ce. Masu zamewa a kan dogo irin Thrustmaster TFRP ko ta Logitech za su koya wa ƙafarka abin da take bukata, kuma suna da birkin yatsu. Idan hali ya yi, irin su MFG Crosswind sun fi laushi, ana kuma iya daidaita ƙarfin sifirin ɗinsu. VKB T-Rudder ƙarama ce mai ƙarko, amma ka sani ba ta da birki a jikinta. Abu biyu za ka duba. Na farko, da me take auna motsi. Masu aiki da maganaɗisu ba abin da ke gogar wani a cikinsu, don haka ba sa saurin fara rawa. Masu tsohon tsari na gogayya kuwa idan sun kwana biyu sai ka ga allura na karkarwa ƙafarka a tsaye, dole ka faɗaɗa matacciyar tsakiya a saiti, wato wurin da manhaja ba ta jin ƙaramin motsi, kuma a tsakiyar nan ne duk aikin yake. Na biyu, yadda take komawa tsakiya. Idan akwai wani ƙaƙƙarfan makale da sai ka yi ƙarfi ka tsallake shi, ƙaramin gyara zai riƙa zame maka babba. Faɗin da ke tsakanin ƙafafu biyu ma ka lura da shi, wasu a matse suke har gwiwoyi na haɗuwa.

Ranar da ta iso, jingina ta da bango ko ka ɗaure ta a kan katako, don a kan tayil gudu take yi. Idan kujerarka mai taya ce, ka tokare tayoyin, in ba haka ba kana taka birki kai ne za ka yi baya. Kashe taimakon wutsiya. Ɗauki ƙaramin jirgi, filin jirgi ɗaya, kada ka je ko'ina. Tashi, zagaya, sauka, sake tashi. Diddige a ƙasa, yatsu nesa da birki har sai ka taɓa ƙasa. Burinka guda: farin layin nan ya zauna tsakanin ƙafafunka daga farkon titi zuwa ƙarshe. Da farko za ka yi ta wuce gona da iri, ka taka dama ya yi yawa, ka rama da hagu ya yi yawa, jirgi na tangaɗi. Kada ka karaya, kowa haka ya fara. Sai wata rana ka lura ƙafar ta riga tunaninka, ta taka tun hanci bai motsa ba. Daga nan ka gwada jirgi mai taya a wutsiya irin Cub, wanda idan ka yi sake daƙiƙa ɗaya a ƙasa zai juya da kai ya kalli inda ka fito.

Sitiyari mai kyau yana da ranarsa, ban ce ba shi da amfani ba. Honeycomb Alpha yana juyawa digiri 180, na Logitech 90, kuma bambancin yana jiyuwa a hannu. Wannan magana ce ta bayan feda.

Wani abin da ya daɗe yana damuna ma, tunda ana maganar gaskiya, shi ne tirim, wato abin da ke ɗauke wa hannu nauyin riƙe hancin jirgi. A Cessna ta gaske kana riƙe hanci inda kake so, kana juya tayar tirim har nauyin ya bar hannunka, sitiyarin kuma yana nan inda ka ajiye shi. A namu masu sifirin, dole kana tirim kana sakin hannu a hankali har abin ya koma tsakiya, wani motsi ne da babu shi a jirgi. Microsoft ta fitar da SideWinder Force Feedback 2 tun shekarar 2000, sanda mai ƙaramin injin lantarki a ciki da ke tura hannunka, har yau mutane na farautar tsofaffinta. Sai aka yi shekaru masu yawa kamfanoni suna ta ƙara mana fitilu da maɓallai, abin da hannu zai ji kuwa ya koma hannun 'yan ƙalilan masu hali. Yanzu ne irin su Moza suka fara dawo da shi. Wanda a cikinku ya gwada irin wannan da X-Plane 12, ina son jin yadda tirim ɗin ke yi masa a hannu lokacin gangarowa sauka, musamman bayan ya sauke filaf, wato ƙyamaren bayan fiffike da ake saukewa don sauka.